Cutar Tirikinosis: Tsutsar da Ke Ɓuya Cikin Tsoka



Na tabbata akwai waɗanda da ganin kan maganar yau a jikin allon sanarwa suka ce a ransu, "Ina ruwanmu da cutar masu cin naman alade?" Tambaya ce mai kyau, ba kuwa zan kauce mata ba. Sai dai ina roƙon a yi mini haƙuri in fara gabatar da cutar tukuna, yadda aka gano ta, da yadda take shiga jiki, da yadda ta yi ta sāke wurin zama cikin shekaru kusan 190, sa'an nan mu komo ga tambayar.

Yadda Aka Gano Ta

Ran 2 ga Fabrairu, 1835, a asibitin Saint Bartholomew da ke Landan, wani ɗalibin likita ɗan shekara 21, mai suna James Paget, ya tsaya kan gawar wani mutumin Italiya wanda tarin fuka ya kashe. Ya lura da waɗansu 'yan ɗigo-ɗigo farare cikin tsokar mamacin, kamar an barbaɗa yashi. Manyan likitoci sun sha ganin irinsu, har sukan yi ƙorafi cewa suna dakushe musu wuƙa, amma sun ɗauke su ɓarɓashin ƙashi ne kawai. Shi yaron nan bai gamsu ba. Ya yanki tsokar, ya tafi gidan adana kayan tarihi na Biritaniya, ya roƙi masanin tsire-tsire Robert Brown ya ba shi aron madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Da ya duba, sai ga tsutsa a nannaɗe cikin kowane ɗigo, kamar gammo. Richard Owen, wanda ya riga ya yi suna a lokacin, shi ya rubuta bayanin tsutsar a shekarar, ya raɗa mata suna, yabo kuma ya tafi gare shi. Ɗalibai sun san irin wannan rabo. A 1895 aka gyara sunan ya zama Trichinella spiralis, mu kuwa a nan za mu riƙa kiran tsutsar tirikina, cutarta kuma tirikinosis.

Har shekara 25 bayan haka ana ɗaukar tirikina abin mamaki ne kurum, ba abin tsoro ba. A 1846 Joseph Leidy, a birnin Filadelfiya na Amurka, ya gan ta cikin naman aladen da aka kawo masa a akushi, amma ba a ba maganarsa muhimmancin da ya kamata ba. Sai a watan Janairu na 1860 gaskiya ta fito fili. Aka kawo wata budurwa 'yar aikin gona asibiti a Dresden ta ƙasar Jamus, da zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki wanda ya hana ta ko miƙe ƙafa. Aka ce taifot ne. Bayan mako biyu ta rasu. Likita Friedrich Zenker ya duba tsokarta, ya tarar da 'ya'yan tsutsa ba iyaka, da ransu, ya kuma sami iyayensu a hanjinta. Abin da ya yi bayan wannan shi ne abin koyi: ya tashi ya tafi gonar da take aiki, ya tambaya, aka gaya masa an yanka alade gab da Kirsimeti, kuma masu gidan da mahaucin da ya yi fiɗar duk sun yi rashin lafiya. Ya nemi ragowar naman, ya duba, ga tsutsa nan. Rudolf Virchow da Rudolf Leuckart kuma, ta hanyar ciyar da dabbobi nama mai tsutsa, suka warware yadda take rayuwa tun daga farko har ƙarshe.

Ba a daɗe ba aka ga iyakar ɓarnarta. A 1865, a Hedersleben, wani ƙauyen Jamus mai mutum wajen 2,000, mutum 337 suka kwanta, 101 suka mutu. Jamusawa masu son ɗanyen nama niƙaƙƙe ne, abin da ya sa ke nan cutar ta fi yi musu ta'adi.

Daga Nama Sai Nama

Yawancin tsutsotsin da muka sani suna da wani zango a waje da jikin mai rai. Kurkunu, a zamanin da yake damunmu, sai ya bi ta ruwan tafki. Tsutsar tsargiya sai ta bi ta katantanwa. Tsutsar ciki kuwa ƙwanta yakan fita tare da bayan gida, ya jira a ƙasa. Tirikina ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta sauka ƙasa, ba ta shiga ruwa, sauro ba ya ɗaukarta, majinyaci ba ya shafa wa mai jinyarsa. Hanyarta guda ce: wani ya ci naman wani.

Idan mutum ya ci tsoka mai tsutsa wadda wuta ba ta ratsa ba, ruwan ciki yakan narkar da naman duk da 'yar jakar da tsutsar take ciki. Sai ta fito ta gangara ƙaramin hanji, ta kutsa cikin fatarsa. Cikin kwana biyu ta balaga. Macen takan kai tsawon milimita 3, namijin kuwa rabin haka. Kafin mako ya cika macen ta fara haihuwa, ba ƙwai take yi ba, 'ya'ya take zubawa da ransu, kuma kafin jiki ya kore ta, bayan mako 4 zuwa 6, takan haifi daga 500 har zuwa 1,500. To, a lissafa: loma guda mai tsutsa ɗari biyu, rabinsu mata, tana iya zama dubun dubata a jiki.

'Ya'yan nan sukan bi jini su zaga ko'ina, har zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, amma ba su iya zama sai a tsokar da ke motsa jiki. Sun fi son wadda ba ta hutawa: tantanin numfashi da ya raba ƙirji da ciki, da harshe, da muƙamuƙi, da tsokar ido, da ta tsakanin haƙarƙari. A nan ne take yin abin da har yanzu yake ba masana mamaki. Takan shiga cikin zare guda na tsoka, ba ta kuwa kashe shi, sai ta juya shi ya zama baranta. Zaren ya bar aikinsa na motsi ya koma ciyar da ita, ya yi mata bango mai kauri, jiki kuma da kansa ya kewaye bangon da ƙananan jijiyoyin jini masu kawo mata abinci. Bayan mako biyu zuwa uku ta kai milimita 1, ta naɗe, ta zauna jiran mai ci na gaba. Tana iya shekaru a haka. Daga baya jiki yakan shafe jakar da wani abu mai kama da alli, shi ne yashin da ya dakushe wuƙaƙen malaman Paget. Ko dabbar ta mutu ta fara ruɓa, tsutsar takan yi makonni da ranta cikin mushen, wannan kuwa shi ne jarinta a daji, inda masu cin mushe suke da yawa.

Ciwon yakan zo hawa biyu. Da fari, kwana ɗaya ko biyu bayan cin naman, akan yi gudawa da tashin zuciya da murɗar ciki, abin da kowa zai ce abinci ne ya ɓata masa ciki, ya manta. Sa'an nan, daga mako na biyu zuwa sama, sa'ad da 'ya'yan suka bazu, sai zazzaɓi ya tashi, fatar ido ta kumbura, ido ya yi ja, tsoka ta yi tsami har tauna da haɗiya da numfashi su zama aiki. Wani lokaci akan ga siraran layukan jini ƙarƙashin farce. Wanda ya ci kaɗan yana iya warkewa bai ma san ya yi ba. Wanda ya ci da yawa kuwa, tsutsar tana iya kumbura masa tsokar zuciya ko ƙwaƙwalwa, ta nan ne mutuwa take zuwa, galibi tsakanin mako na huɗu da na takwas.

Ina jan hankalin ɗaliban likita a nan. A wurinmu kowane zazzaɓi maleriya ne sai an ga akasi, in ya ƙi jin magani a ce taifot, watau kuskuren da aka yi wa budurwar Dresden. Abin da zai farkar da likita shi ne haɗuwar zazzaɓi da kumburin ido da ciwon tsoka, tare da hauhawar wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, wanda kowane ƙaramin ɗakin gwaji yake iya ƙirgawa. Gwajin jini na musamman ba ya nuna kome sai bayan makonni. Magani kuwa, albendazol ko mebendazol, ya fi aiki tun tsutsar tana hanji. In ta riga ta gina ɗakinta a tsoka, ƙarfinsa a kanta ya ragu ƙwarai, sai a haɗa da maganin rage kumburi a yi ta lallaɓa majinyaci.

Inda Ta Ragu, da Dalili

Ƙasashe biyu suka bi hanya biyu, kowacce kuwa da abin da za ta koya wa ma'aikacin hukuma.

Jamus ta bi hanyar dubawa. Virchow ya dage a kan sai an duba naman kowane alade da madubi kafin a sayar. Mahauta suka yi ta adawa, amma garuruwa suka yi ta kafa dokar ɗaya bayan ɗaya cikin shekarun 1860 da 1870, har aka sami dubban masu duba nama, kowa da madubinsa, yana matse 'yar tsoka tsakanin gilasai biyu. Abin ya kai ga rikicin ciniki: a 1883 Jamus ta hana shigo da naman alade daga Amurka, ba ta janye ba sai a 1891, bayan Amurka ta yarda ta riƙa duba wanda za ta fitar waje.

Amurka kuwa ba ta taɓa duba kowane alade domin kasuwarta ta cikin gida ba. Ta dogara ga gargaɗin a dafa nama sosai, da ƙa'idodin da ta ɗora wa masana'antu. Sakamakon farko bai yi kyau ba. Binciken gawarwaki da aka yi a ƙarshen shekarun 1930 ya nuna kusan mutum 1 cikin 6 yana ɗauke da tsutsar a tantanin numfashinsa. Tsakanin 1947 da 1951 akan ba da rahoton mutum wajen 400 kowace shekara. Tushen abin kuwa sananne ne: ana kwaso ragowar abincin otal-otal da na birane, da guntayen ɗanyen naman alade a ciki, a zuba wa aladu. Alade ya ci alade, mutum ya ci alade. Abin da ya karya wannan zagaye, abin dariya, ba tausayin mutane ba ne. A 1952 wata cutar aladu mai fesar da ƙuraje a baki da kofato ta bazu ta hanyar wannan ragowar abinci, ta yi wa masu kiwo hasara, sai jihohi suka yi ta kafa doka a 1953 da 1954 cewa dole a tafasa ragowar kafin a bai wa alade. An yi dokar domin dukiya, lafiyar mutane ta ci moriya. Aka ƙarfafa ta da dokar tarayya a 1980. Kiwo kuma ya koma cikin rufaffun gidaje inda ɓera da mushe ba su kai wa ga dabba, firiza ta shiga gidajen mutane. Zuwa 1970 masu ɗauke da tsutsar sun komo wajen kashi 4 cikin 100, yanzu kuwa rahoton shekara bai cika wuce mutum 15 zuwa 20 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 300, kuma galibinsu ba daga aladen kasuwa suka samu ba.

Inda Ta Komo

Kada a ɗauka cewa cuta in ta ragu ta tafi ke nan. Wani nazari da ya tattara rahotannin duniya daga 1986 zuwa 2009 ya ƙirga mutum 65,818 da suka kamu a ƙasashe 41, 42 daga ciki suka mutu. A gwada da mutum 101 na ƙauye guda a 1865, a ga amfanin asibiti. Amma abin lura shi ne kashi 87 cikin 100 na masu cutar daga Turai suke, rabin na Turai kuma daga ƙasa guda, Romaniya. Me ya faru? Bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989, manyan gonakin gwamnati suka wargaje, aikin likitocin dabbobi ya raunana, talauci ya sa kowane gida ya koma kiwon alade ɗaya ko biyu a bayan ɗaki, ana ba shi duk abin da aka samu, a yanka shi lokacin sanyi ba wanda ya duba, a rarraba wa dangi da maƙwabta. Haka aka gani a Sabiya da Kuroshiya sa'ad da yaƙi ya raba Yugoslabiya cikin shekarun 1990, haka kuma a Ajantina, inda ake kiwon aladu a bakin juji. Tsutsar ba ta ƙara ƙarfi ba. Hukuma ce ta yi rauni.

Sai kuma ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Doki ciyawa yake ci, saboda haka ba wanda ya taɓa tunanin duba namansa. Amma daga 1975 zuwa 2005 mutum fiye da 3,000 suka kamu a Faransa da Italiya ta hanyar naman doki, wanda waɗansunsu suke ci ɗanye ko da jini-jini. A 1985 kaɗai fiye da mutum 1,000 suka kwanta a Faransa. Dawakin daga ƙetare aka sayo su, kuma bayanin da masana suka fi karɓa shi ne waɗansu masu kiwo suna cakuɗa guntayen nama cikin abincin doki domin ya yi ƙiba kafin sayarwa, ko kuwa matattun ɓeraye su faɗa cikin abincin. Doki guda kuwa yakan ciyar da ɗaruruwan mutane.

Har zuwa 1972 ana zaton tirikina jinsi guda ce. Yanzu an san jinsi goma masu suna, ban da waɗansu da ba a raɗa wa suna ba tukuna, kuma yawancinsu ba ruwansu da aladen gida, a dawa suke. Waɗansu ba su ma yin jaka, ana samunsu har a tsuntsaye, akwai kuma wadda aka gano cikin kadojin kiwo a Zimbabwe a 1995. Ta ƙasashen ƙanƙara, wadda take zaune a jikin beyar, wata ƙatuwar dabbar dawa mai gashi, da walras, dabbar teku mai haure, ba ta jin sanyi ko kaɗan. A 2022 waɗansu dangi suka taru a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, suka gasa naman beyar da ɗayansu ya harbo a arewacin Kanada. Naman ya kwana 45 a firiza, an kuwa yi haka ne da niyyar kashe tsutsa. Mutum shida suka kamu, biyu daga cikinsu ma ba su ci naman ba, kayan lambun da aka gasa tare da shi kaɗai suka ci.

Mu Komo ga Tambayar

Gaskiya ne cutar ba ta da yawa a ƙasashen Musulmi, dalilin kuwa a fili yake. Akan ji wasu suna cewa saboda wannan tsutsa aka haramta naman alade. Ni dai ina ganin a yi hattara da irin wannan magana. Haramci hukunci ne na Ubangiji, ba ya jiran shaidar madubi, ba kuma zai ɗage ba don an sami aladen da ba shi da tsutsa, irin wanda ake samu yau a gonakin Turai. Abin da ya shafe mu a zaman nan shi ne: shin barin naman alade kaɗai ya isa katanga?

A ƙarshen 2003 da farkon 2004, a Izmir ta ƙasar Turkiyya, birnin da kusan dukan mutanensa Musulmi ne, ɗaruruwan mutane suka kamu da tirikinosis. Sun ci wani abincin gargajiya da ake yi da ɗanyen naman sa niƙaƙƙe, a cuɗa shi da alkama da barkono. Ba wanda ya yi niyyar cin haram a cikinsu. Mai sayar da naman ne ya cakuɗa shi da na alade domin riba. Nama in an niƙa shi, ko an yanyanka an shafe shi da yaji, ido ba ya rarrabewa, kuma duk wanda ya san kasuwa ya san algus ba a Turkiyya kaɗai ake yinsa ba.

Na biyu, tsutsar tana nan a dawan Afirka. A 1959 samari 11 suka kamu a gindin Dutsen Kenya bayan sun gasa aladen daji sun ci. George Nelson da abokan aikinsa suka bi sawu, suka tarar gidanta na ainihi shi ne jikin kura, da zaki, da damisa, da dila, har aka sa wa jinsin Gabashin Afirka sunansa. A Habasha an sami ɓarkewar cutar cikin shekarun 1980 da 1990 daga naman gadu. A nan yammacin nahiyar kuwa, an gano ta a jikin gadu da dila a Senegal cikin shekarun 1960, bayan waɗansu Turawa mazauna ƙasar sun kamu, a 2009 kuma waɗansu Faransawa suka koma gida da ita bayan sun ci bandar cinyar gadu a can. An same ta kuma a ƙananan namun daji masu cin nama a Gini. Gadu da dila da kura ba su san iyakar ƙasa ba, kuma duk muna da su. Mafarauci yakan ci abin da ya kama, ko ya sayar wa mai ci, naman daji kuwa in an yi bandarsa an daddatsa, sai a kira shi da sunan da mai saye yake so ya ji. Akwai kuma masu neman naman kura ko na dila domin magani.

Na uku, ma'aikacin lafiya ba na masu addininsa kaɗai ba ne. Miliyoyin 'yan ƙasarmu suna kiwon alade suna ci, kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan tana cikin mafi girma a ƙasar, kuma kiwon sake, inda alade yake yawo a juji yana cin mataccen ɓera da sharar mayanka, shi ne ainihin irin kiwon da ya jawo wa Romaniya abin da ya jawo mata.

Hanyoyin Tsaro

Tsaro na fari a garke yake, na kuwa riga na faɗi yawancinsa: kada a bai wa dabba ɗanyen nama ko sharar mayanka, a tafasa ragowar abinci, a killace alade, a yaƙi ɓera, a ƙone mushe ko a binne shi da zurfi. Mafarauci ma kada ya yar da gawar dabbar da ya feɗe inda kare ko alade zai kai gare ta, domin ta nan tsutsar dawa take shigowa gari.

Na biyu a mayanka. A nan dole in faɗi abin da masu duba nama suka sani: dubawar ido, da tsaga tsoka da wuƙa, wadda take tona tsutsar tsila, ba ta tona tirikina. Nama mai tsutsa dubu a kowace loma yana iya zama ja wur, ba wari, ba tabo. Hanyar da Tarayyar Turai ta wajabta tun dokarta ta 2005, wadda aka sabunta a 2015, ita ce a kwaikwayi cikin mutum a cikin kwalba. A yanki giram guda daga tantanin numfashin kowane alade, a haɗa na alade har 100, a niƙa, a zuba cikin ruwa mai ɗumi da sinadarin fefsin da ɗan asid, a yi ta juyawa wajen rabin sa'a har naman ya narke, a tace, a bari ya kwanta, a duba abin da ya kwanta a madubi. In an ga tsutsa, sai a rarraba a sāke gwaji har a kai ga dabbar da ke da ita. Doki da aladen daji akan ɗebi fiye da haka daga jikinsu. Kayan aikin nan ba su fi ƙarfin babbar mayanka ba. Abin da ya fi wuyar samu shi ne ma'aikacin da aka horar, da kasafin da ba ya yankewa, da ikon riƙe nama har sakamako ya fito ko da mai naman babban mutum ne. Mutanen Inuwit na Nunabik, a arewacin Kanada, sun nuna ana iya yin haka ko a ƙauye. Su ɗanyen naman walras suke ci bisa al'adarsu, kuma maimakon a ce su bar al'adar, tun cikin shekarun 1990 aka shirya cewa mafarauci ya sa wa kowace dabba lamba, ya aika da harshenta ɗakin gwaji a garin Kuujjuaq, ba a raba naman sai amsa ta zo.

Na uku shi ne murhu, shi ne kuma wanda yake hannun kowa. Zafi yana kashe kowane jinsi na tirikina, muddin ya kai tsakiyar naman. Ma'aunin da ake bayarwa ga naman daji da nama niƙaƙƙe shi ne digiri 71 na Salshiyas a can ciki. Wanda ba shi da ma'auni ya tsaga wuri mafi kauri, ya tabbata ba ja, ba ruwan jini. Dahuwarmu ta miya da farfesu, inda nama yake daɗewa yana tafasa, ta wadatar, kuma ina zaton ta tsare mu daga abubuwa da yawa ba mu sani ba. Inda haɗari yake shi ne gashi na gaggawa, ƙaton yanki a kan wuta mai ƙarfi, baya ya ƙone ciki yana ɗanye, da kuma ɗanɗana nama tun bai nuna ba. Gishiri ba abin dogara ba ne, haka yaji, haka shanya a rana, haka hayaƙi. Banda in hayaƙi kaɗai ta sha, ba ta dahu ba, sai an sāke dafa ta. Kilishi ma, ba rana ce take tsare mai cinsa ba, gashin nan na ƙarshe ne da akan yi masa bayan an tsoma shi a labu, shi ya sa bai kamata a gaggauta shi ba. Firiza takan kashe tsutsar aladen gida in yankan bai kai kaurin santimita 15 ba, aka kuma bar shi kwana 20 a sanyin digiri 15 ƙasa da sifiri. Amma wannan ƙa'ida ba ta hau naman daji ba, kamar yadda dangin Dakota suka gani, balle a inda wutar lantarki take zuwa tana ɗaukewa. A wanke wuƙa da katako da injin niƙa da sabulu da ruwan zafi tsakanin nama da nama, domin guntun da ya maƙale a injin ya isa ya gurɓata naman sa mai tsabta.

In kuwa abin ya riga ya faru, aka ga mutum biyu ko uku daga gida ɗaya, ko daga biki ɗaya, ko ƙungiyar farauta ɗaya, da zazzaɓi da kumburarren ido, to aikin jami'in lafiya shi ne na Zenker. Ya tambayi abin da suka ci tun mako shida da suka wuce, ba jiya kaɗai ba, ya kuma yi tambayar a keɓe cikin mutunci, domin ba kowa zai faɗi a gaban jama'a cewa ya ci gadu ba. Ya karɓe ragowar naman kafin a cinye ko a zubar, ya aika da shi gwaji. Sa'an nan ya rubuta sunan duk wanda aka kai wa rabo, har waɗanda suka tafi da nasu wani gari, a nemo su a ba su magani tun ba su fara zazzaɓi ba, tun tsutsar tana hanji.